Wurin fisiyon da na kai ciwon babban yatsana, abin da ya burge ni da abin da bai min ba

In dai don a duba miki hannu ne a gano takamaiman me ke ciwo, wallahi wurin nan sun iya aiki, zan iya tura kowa ba tare da shakka ba. In kuma kina neman wurin da za ki shiga ki fito a kan lokaci ne, ko wurin da ba za a yi ta cusa miki abin saye ba, to ki shirya haƙuri. Ɗan asibitin fisiyo ne, wato inda ake maganin ciwon gaɓoɓi da tsoka ta hanyar gashi da motsa jiki, mai zaman kansa a nan Kano, ba babba bane, ɗakunan duba mutane ne da falon jira da wani ɗaki da suka zuba injinan gashi, kuma tunda akwai ƙorafi a cikin maganata ba zan kama sunansu ba.

Ni sana'ata ƙunshi ne, zanen lalle da na salatif, kuma ina goyo. Duk wacce ta taɓa riƙe ledar lalle ta san babban yatsa ne ke yin aikin gaba ɗaya, shi ke matsawa shi ke saki, awa da awanni in an samu amarya da ƙawayenta. Ciwon ya kama ni a gefen wuyan hannu na dama, daidai gindin babban yatsa, in zan ɗaga yarinya ko in matse wanki ko in buɗe murfin filas sai inji kamar an ja min wani abu har cikin sangalin hannu. A gida kowa da fassararsa, Hajiyarmu tace sanyin jego ne bai gama fita ba, wata tace targaɗe ne a kai ni wurin mai gyara, mai kemis ya bani man zafi da ƙwayoyi. Babu wanda ya kama hannun ya duba, kowa daga nesa yake faɗin nasa.

To wannan dubawar ita ce abin da nake so in yi magana a kai sosai, don ita ce kuɗina suka saya.

Mace ce ta duba ni, kuma ni na nemi haka a wurin karɓar kati ba su yi min musu ba, wannan ma abin yabo ne. Lasisinta na hukumar MRTB, wato hukumar da ke yi wa masu fisiyo rajista a Najeriya, yana rataye a bango, ina ba kowa shawara ya riƙa ɗaga kai yana duba wannan don yanzu masu tausa da yawa sun sa farar riga. Bata fara da taɓa ni ba, tambaya ta fara yi, yaushe kika haihu, wane aiki kike yi, ciwon yana tashinki da dare, yatsun suna sagewa, kin taɓa faɗuwa a kan hannun, kina da suga. Sai tace Maman bebi nuna min wurin da yatsa ɗaya kawai, kar ki shafa duka hannun. Na ɗora a kan ɗan tudun ƙashin nan na gefen wuyan hannu, ta gyaɗa kai tace to ina da zato amma bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya kar in yi miki maganin abin da ba shi bane.

Bayanin da ta min shi ne, babban yatsa tsoka 8 ne manya ke juya shi. Guda 4 suna nan cikin tafin hannu, su ne suka yi wannan tudun naman na gindin yatsan da ɗan naman da ke tsakaninsa da manuniya. Sauran 4 kuma ba ma a hannu suke ba, suna can sama a sangalin hannu, agararsu ce kawai doguwa take gangarowa ta ratsa wuyan hannu ta zo ta kama ƙashin yatsan. Shi yasa ciwon yatsa zai iya haurawa har kusa da gwiwar hannu. Sannan jijiyoyin saƙo guda 3 ne suka raba aikin ba su umarni, midiyan da alna da radiyal, kowacce da nata tsokokin, don haka in aka gwada tsoka aka ga ta yi rauni an san wace jijiya za a bi. Ta sa na miƙe yatsan baya kamar mai tsayar da adaidaita, sai ga wani ɗan rami ya fito a gefen wuyan hannu da igiyoyi a gefe da gefe, tace taɓa ki ji, ta wajen bayan hannu agara ɗaya ce ta doguwar tsokar da ke miƙar da kan yatsa, ta ɗaya gefen kuma agara biyu ne a manne, ɗaya ta doguwar tsokar da ke buɗe yatsan gefe, ɗaya ta gajeriyar da ke miƙar da shi. Waɗannan biyun tare suke bi ta cikin wata 'yar matsattsiyar hanya a kan ƙashi, kamar zariya a cikin ƙubakar wando, in bakin hanyar ya yi kauri ya matse to duk motsi sai sun goga, gogar nan ce ciwon. A bayan wuyan hannu irin waɗannan hanyoyi 6 ne, tawa ta farko ce ta samu matsala.

Gwajin farko da ta min shi ne ta shimfiɗa hannuna a tebur tafin yana kallon sama, tace ɗaga babban yatsa sama ya kalli silin, ta riƙe biro a samansa tace taɓo shi, sannan ta danna yatsan ƙasa tace kar ki bari in kayar da shi. Tana yi tana taɓa tudun naman tana jin yana tauri ko baya yi. Wannan tace gwajin gajeriyar tsokar buɗe yatsa ne wadda jijiyar midiyan ke tafiyar da ita, kuma midiyan ɗin nan ita ce ke matsewa a tsakiyar wuyan hannu ga masu ciki da masu jego da yawa, sai babban yatsa da manuniya da na tsakiya da rabin na zobe su riƙa sagewa, musamman da dare har mace ta tashi tana yarfe hannu. In abin ya daɗe ba a kula ba tudun naman nan sai ya shanye ya lotsa. Ta haɗa hannayena biyu ta kalli tudun dama da na hagu, daidai suke. Ta sa na haɗa bayan hannayena na lanƙwasa wuyan hannu na tsaya haka minti 1 a ga ko yatsun za su sage, ba su yi ba, ta ɗan ƙwanƙwasa tsakiyar wuyan hannun da yatsarta, nan ma shiru. Tace alhamdulillahi wannan mun cire shi.

Na biyu da takarda ta yi shi kuma shi ya fi ban mamaki don abu ne da ko a gida za a iya gani. Ta yago takarda tace riƙe ta tsakanin babban yatsa da gefen manuniya, yatsan a miƙe, ta ja, tace riƙe da ƙarfi. Abin da take kallo shi ne gaɓar kan yatsan, in tsokar da ke jawo babban yatsa ya manne da hannu ta yi rauni, mutum bai ma sani ba sai ya lanƙwasa kan yatsan don ya aro ƙarfi daga wata tsoka ta daban. Wannan tsokar jijiyar alna ce ke ba ta umarni, jijiyar nan da in kika bugi gwiwar hannu kike jin yarr har ƙaramin yatsa. Sunan gwajin alamar Froment, wani likitan Faransa ne Jules Froment ya bayyana ta a 1915. Nawa bai lanƙwashe ba. A nan ne ta ɗan yi min wata magana da ta tsaya min a rai, tace irin waɗannan ƙananan gwaje-gwajen, ɗaga babban yatsa sama da buɗe ƙaramin yatsa gefe da ɗaga wuyan hannu, su ake yi wa masu cutar kuturta don a gano jijiya ta fara lalacewa tun kafin yatsu su nannaɗe, saboda alna da midiyan na cikin jijiyoyin da cutar ta fi kamawa. Abu ba inji ba wuta, amma yana ceton hannun mutum.

Sai ta kifa hannun, tafi a kan tebur, tace ɗaga babban yatsa kaɗai sama kar sauran su motsa, na ɗaga, igiyar nan ta bayan hannu ta fito raɗau. Tace wannan agarar tana zagaya wani ɗan tsinin ƙashi ne a bayan wuyan hannu, kuma wanda ya taɓa karyewa a wurin tana iya tsinkewa makonni bayan karayar, mutum ya wayi gari kan yatsansa ya faɗi ya kasa ɗagawa, wannan kuma ba gashi ba tausa sai tiyata. Ta riƙe gaɓar ƙasa tace lanƙwasa kan yatsan kawai, na yi, tace haɗa kan babban yatsa da kan manuniya ki yi zagaye, na yi, tace taɓo ƙaramin yatsa da shi, na taɓo. Kowanne tana rubuta lamba a kati, ashe ƙarfin tsoka maki ake ba shi daga 0 zuwa 5, 0 babu ko motsi, 3 tana iya ɗaga kanta amma in aka danna ta faɗi, 5 lafiya lau. Ta danna cikin ɗan ramin nan ta tambaye ni da zafi, nace a'a ba nan bane, tace ta tambaya ne saboda a ƙasan ramin akwai wani ƙaramin ƙashi da ke karyewa in mutum ya faɗi ya dafa ƙasa da tafin hannu, sau da yawa hoton farko baya nuna karayar sai an sake bayan kwana 10 zuwa 14, kuma jini baya isarsa sosai don haka in aka ɗauke shi a matsayin targaɗe aka yi ta murzawa yana iya ƙin haɗewa. Ta kuma kama ƙashin gindin yatsan ta ɗan tura ciki tana juyawa, wannan na amosanin gaɓa ne wanda ya fi kama manya, nan ma ban ji komai ba.

Na ƙarshe ta ajiye wanda ta san zai yi zafi, kuma ta gaya min tun kafin ta yi. Ta ɗora hannuna a bakin tebur gefen ƙaramin yatsa a ƙasa, ta kama babban yatsan a hankali ta ja shi tana karkatar da hannun wajen ƙaramin yatsa, wallahi sai da na ɗaga daga kujera, daidai wurin da na nuna mata tun farko. Ta saki nan take tace sannu Maman bebi, shi ne. Sai ta yi a hannun hagu don in ji bambanci, ɗan ja kawai naji. Wannan shi ne gwajin Finkelstein, likitan Amurka ne ya rubuta shi a 1930, ciwon kuma ana ce masa De Quervain, sunan likitan tiyata ɗan Suwizalan da ya bayyana shi a 1895. Na gaya mata na ga ana nuna wani a bidiyo, a dunƙule hannu da babban yatsa a ciki a karkatar, tace eh wancan ma ana yi amma asalinsa na wani likita ne mai suna Eichhoff, kuma ko mai lafiya in ya yi da ƙarfi zai iya jin zafi, don haka kar mace ta gwada a ɗaki ta yanke wa kanta hukunci. Ciwon ya fi kama mata, musamman masu goyo, saboda yadda muke ɗaga yaro ta ƙarƙashin hammata da babban yatsa a buɗe wuyan hannu a karkace, ga shayarwa ana tallafe kai, ga wanki, ni kuma ga lalle a kai.

Duk wannan da hannunta da biro da takarda ta yi shi, bata tura ni hoto ba, tace a yanayina hoton ƙashi ba zai nuna komai ba tunda ba ƙashi bane kuma ban faɗi ba. A wannan zamanin da ko ciwon kai ka kai wani wurin sai an rubuta maka gwaji shafi guda, wannan kaɗai ya sa na yarda da ita.

Yanzu ƙorafi. Na farko lokaci, suna ba ka lokaci a waya amma in ka zo layi ne kawai wanda ya riga zuwa, ga ni da jaririya, falon ba fanka mai ƙarfi in an ɗauke wuta sai a daɗe kafin a tada janareta, kuma babu wani ɗan lungu da mace za ta shayar a sirrance sai dai ki juya baya ki ja mayafi. Wurin da yawancin masu zuwa mata ne da tsofaffi bai kamata a rasa wannan ba, labule ɗaya da kujera ya isa.

Na biyu maɗaurin hannu. Likitar tace in sa maɗauri wanda zai kama wuyan hannu da babban yatsa tare, ya bar kan yatsan kawai yana motsi, mako 4 zuwa 6, dare da rana in zai yiwu sai dai wanka da alwala. Da na fito yarinyar da ke tsaron kantar sayar da kaya ta miƙo min na wuyan hannu zalla wanda babban yatsa ke fitowa ta rami yana yawo yadda ya ga dama, tace ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya bane, in yatsan na motsi agarar nan biyu suna nan suna goga, kin yi asarar kuɗinki kawai. Sai da na koma ciki likitar ta fito da kanta ta canza. Wanda suka bani na daidai ɗin kuma tsada, daga baya na ga irinsa a shagunan kayan asibiti da sauƙi sosai, ga shi baƙin yadi ne mai kama da roba, a zafin Kano gumi yake tarawa har ƙuraje suka feso min, sai da na riƙa sa yankakkiyar safa ta auduga a ciki. Shawarata ki bari likita ta nuna miki irinsa da girmansa, ki je waje ki saya, ki tabbata yana da ƙarfe ko roba mai tauri a gefen babban yatsa kuma baya danne miki ƙashin da ke ciwo, don akwai wata siririyar jijiyar saƙo da ke bi ta wurin in ya matse ta bayan yatsan zai riƙa sagewa.

Na uku shi ne gashi da inji da suke sayarwa a dunƙule, a biya na zuwa da yawa gaba ɗaya, kuma masu tsaron kantar ne ke matsa maka ba likita ba. Na yi wasu, da daɗi lokacin da ake yi, amma gaskiya tsakanina da Allah ban ga abin da ya ƙara min ba, abin da na ga ya yi aiki shi ne maɗaurin da canza yadda nake amfani da hannun. Da za su bari a biya ɗaya-ɗaya da ya fi adalci.

Kuma koyarwar nan ta yadda ake amfani da hannu, ita ma likitar ce ta zauna ta yi min da 'yar tsana, ba ƙarin kuɗi. Tace kar ki ƙara ɗaga yarinya da yatsa a buɗe, ki zura hannu ɗaya ƙarƙashin mazaunanta ɗaya a bayanta, yatsu a haɗe wuyan hannu a miƙe, sangalin hannu ya ɗauki nauyin. In za ki shayar ki sa filo ya tallafe ta. Matse wanki ki bar wa wani, waya ki ajiye ta ki danna da manuniya. Lalle kuma tace na san ba za ki iya dainawa gaba ɗaya ba tunda abincinki ne, amma ki rage, ki sassauta kwaɓin ya yi laushi yadda ba sai kin matsa da ƙarfi ba, ki riƙa tsayawa kina hutar da hannu tsakanin mutum da mutum. Bata yi min faɗa ba bata raina sana'ar ba, har tambayata ta yi yadda ake naɗe ledar don ta gane inda ƙarfin ke tafiya. Motsa jiki kuma bata bani da wuri ba sai da zafin ya lafa, sannan ta fara da ɗan motsi a hankali, daga baya robar ɗaure kuɗi a zagaye yatsu ana buɗewa.

Ta kuma gaya min gaskiya tun ranar farko cewa maɗauri kaɗai baya warkar da kowa, in bai yi ba mataki na gaba allurar sitiroyid ce, maganin rage kumburi, a cikin hanyar agarar, mutane da yawa ita ke raba su da ciwon, amma su ba sa yi a wurin sai dai ta rubuta min takarda zuwa likitan ƙashi. Tace ki sani a fatarmu baƙa wurin allurar yana iya yin fari-fari na wani lokaci ko ya ɗan lotsa, mai suga kuma sugansa na iya hawa na 'yan kwanaki, kuma wasu mutane Allah ya halicci hanyar tasu da ɗan shamaki a tsakiya kowace agara da ɗakinta, irinsu allura na iya shiga ɗaya ta bar ɗaya. In duk bai yi ba akwai ƙaramar tiyata da ake tsaga rufin hanyar, irin aikin da ake yi a manyan wurare kamar Asibitin Ƙashi na Dala. Magani na sha kuma tace tunda ina shayarwa in bari likita ya rubuta, kar in ci gaba da haɗe-haɗen kemis.

Ni dai ban kai ga allura ba zuwa yanzu, ina ɗaga 'yata ba tare da na cije leɓe ba, na koma ƙunshi amma ba na karɓar amarya da ƙawaye a rana ɗaya, in na yi aiki da yawa da dare yana ɗan min tsami sai in mayar da maɗaurin in kwana da shi. Kuɗin ganin farko ya kusa abin da nake samu a ƙunshin amarya guda, ban ji haushinsa ba ko kaɗan. In za ki je ki je da sassafe, ki tafi da wanda zai riƙe miki yaro, ki nemi mace in haka kike so, kuma in akwai tsohon hoton hannu ko katin wani asibiti ki tafi da shi don za ta tambaya.